Dalma ta samu jirgin ƙasa, lebura ya samu ƙura

Tun jiya nake jin zafin maganar da wani bawan Allah ya yi a majalisarmu, cewa da a ce Turawan da suka haƙi dalma a garin Kabwe na ƙasar Zambiya ne ke riƙe da ma'adinanmu, da ba mu ga mutuwar yara da gubar dalma da muka gani a Zamfara ba, wai domin su sun iya tsari. Tsarin nan kuwa na dalma ne, ba a yi shi domin mutum ba.

A 1902 aka gano dalma a wurin, aka sa masa suna Broken Hill, a ƙasar da daga baya ta zama Rodeshiya ta Arewa, kuma zuwa 1906 layin dogo ya iso, ya haɗa mahaƙar da gadar Victoria Falls da Bulawayo a Zimbabwe ta yau har tashar ruwa ta Beira a Mozambik. Cikin shekara huɗu an sama wa dutse hanyar zuwa teku. Amma leburan da ke shiga rami, da wanda ke loda taragu, an bar su da iyalansu a unguwanni irin Kasanda, inda iska ke kwaso hayaƙin narkar da dalma tana zuba shi a tsakar gida, a kan tukunya da shanyar tufafi da ƙasar da yara ke rarrafe. An rufe mahaƙar a 1994, yau fiye da shekara 30, kuma har yanzu ana samun gubar a jinin yaran garin.

Za a ce sun ba mutane aikin yi kuma sun gina dogo. Na ji, amma wanda ya san nauyin kowane tarago bai isa ya ce bai san ina iska take kaɗawa ba.

Abin da ya kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010 shi ne duwatsun zinariya masu dalma da aka riƙa kaiwa cikin gidaje a buhuna, ana daka su ana niƙawa kusa da madafa. Namu talauci da rashin sani ne suka kai dutsen gida, na Kabwe kuwa masu ilimi ne suka bar gida a bakin hayaƙi, don haka kada a kafa mana hujja da su.

Ni yanzu har tandun kwallin da kakata ke rambaɗa wa jarirai yana dawo mini a rai, domin baƙin dutse mai ƙyalli da ake niƙawa a yi shi, sau da yawa dutsen dalma ne.