Yaro ɗan shekara 17 ya ce min in matsa baya

Yau sati uku kenan abun nan yana cina, na rubuta na goge ya fi sau biyar, to bari dai in fitar da shi kowa ya faɗi abun da ya ga dama.

Masallacin da muke sallah a nan Bronx, cikin birnin Niyok na Amurka, ba irin wanda kuka sani ba ne, tsohon shago ne a ƙarƙashin bene, sai ka sauka matakala goma sha wani abu kafin ka shiga, ga kantar takalma cike da ƙatti ƙattin takalman sanyi, ga hita tana huro zafi mai warin ƙura, kowa ya shigo da jibgegiyar rigar sanyi sai ya rasa inda zai aje ta. 'Yan Gambiya ne, 'yan Gini, 'yan Ghana masu Hausar zango, mu 'yan Najeriya ba mu fi a ƙirga da yatsu ba. A jikin bango kusa da ƙofa akwai wani ɗan akwati fari da hoton zuciya a jikinsa, wallahi shekara huɗu ina wuce shi, ni duk a zatona na wayoyin wuta ne.

Wata Lahadi bayan Magariba, an sallame kenan, sai wani dattijo a sahun gabana ya yi wani irin gurnani ya kife. Kun san mu dai. Salati ya tashi, wannan na cewa a kawo ruwa, wancan ya cire hula yana mai fifita, ni kuma na durƙusa na tallabo kansa ina tofa mai addu'a, don iyakar abun da na iya kenan, ni ɗin nan mai shekara 46 da digirina na ABU. Sai na ji an dafa kafaɗata. Wani siririn yaro da ko gemu bai fara ba, ya ce min da Turanci "Ankul, matsa baya." Bai ɗaga murya ba, bai yi rashin kunya ba, amma ka ji muryar ka san ba shawara yake nema ba. Ya nuna mutum ɗaya da yatsa ya ce kai kira 911, ya nuna wani ya ce kai ɗauko akwatin can, ya miƙar da dattijon rigingine ya ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirjinsa ya hau dannawa da ƙarfi yana ƙirge a fili. Na ji wani abu ya yi ƙas a ƙirjin, saura kaɗan in riƙe mai hannu in ce kai za ka ƙarasa shi. Akwatin nan da na raina ashe na'ura ce mai magana, ita ke faɗin inda za a manna kaza, ta ce kowa ya janye hannunsa, ta ba zuciyar shokin, yaro ya koma dannawa gumi na ɗiga daga haɓarsa har motar asibiti ta iso. Dattijo yana nan da ransa. Na sani kwanansa ne ke gaba, rai na Allah ne, amma Allah bai yi ni sanadi ba, yaron ya yi.

Daga baya mahaifinsa ke gaya min ai a makaranta ya koya. Ashe a Niyok akwai sakandare na gwamnati da aka ware don irin wannan, akwai ɗaya a Brooklyn da aka buɗe a 2004 tare da hukumar kwana-kwana ta birnin, akwai ta harkar 'yan sanda da tsaron jama'a a Queens, akwai ta agajin gaggawa a Manhattan. Lissafi da Turanci da kimiyya duk ana yi kamar ko'ina, sai a ɗora musu wannan a kai. Kuma tun 2015 ma doka ce a jihar, duk ɗan sakandare sai an nuna mai yadda ake dannar ƙirji kafin ya gama. Danna 100 zuwa 120 a minti ɗaya, zurfin kamar santimita biyar, kuma ƙwaƙwalwa in ta yi minti huɗu zuwa shida ba jini ta fara mutuwa kenan. Minti shida fa. Mu a minti shida ko mai Napep ba a gama kira ba.

To ɗana na fari yana aji takwas, a nan kuma a ajin ne yaro ke cike fom ya jera sakandaren da yake so. Yana masallacin ranar, ya ga komai, tun daga nan ya kafe shi irin makarantar yaron nan zai shiga. Ranar da suka buɗe wa iyaye ƙofa na kai shi. Ɗaki guda cike da mutum-mutumin roba an jera su a ƙasa rabin jiki rabin jiki, har da na jarirai, wata yarinya da ɗan hijabinta tana nuna mana yadda ake ɗaure cinyar da jini ke tsartuwa, ta murɗa abun ta duba agogo ta rubuta lokaci, wani tsohon ɗan kwana-kwana mai furfura yana gefe ya harɗe hannu bai ce mata uffan ba. Yaran in za su amsa maka sai sun miƙe tsam. Ni dai na fito jikina a sanyaye, uwarsa kuwa ta ce ita ba ta tsallako teku don ɗanta ya zama mai ɗaukar gawa ba, likita take so.

Kuskuren da na yi shi ne na kai zancen guruf ɗin gidanmu na WhatsApp. Yaya ne ya fara, ya ce "To Ba'amurke, yau kuma abun da aka gano mana kenan? Ka manta NMS, sakandaren soja ta Zariya?" Kuma gaskiyarsa ne, tun 1954 take, tun ana ce mata Boys Company, su Idiagbon da David Mark da Buba Marwa duk ta nan suka bi. Ga sakandaren Command, ga ta sojan sama a Jos. Ya ce mu da muke Kaduna wa zai koya mana kaki, NDA tun 1964, ga Jaji, ga barikin sojan sama ta wajen Mando, ga Police College. Na ce Yaya ai nan ne ma abun ke min ciwo. Jihar da ta fi ko'ina kaki, a nan aka kwashe ɗaliban Afaka a 2021 a maƙwabtan NDA, a shekarar aka shiga ita NDA ɗin kanta, aka kwashe na Bethel, aka tare jirgin ƙasa a Maris ɗin 2022, aka yi Kuriga a 2024. Ba cewa nake yaran sakandare za su tare 'yan bindiga ba, Allah ya kiyaye. Cewa nake duk tunaninmu in an ce tsaro sai fareti da bindiga, ba wanda ke tambayar bayan an yi harbin an watse, wa zai tsayar da jinin wanda ke kwance. Kuma waɗancan makarantun yara nawa suke ɗauka, ɗan mai shayi a Rigasa ta ina zai bi ya shiga?

Ba zan ɓoye ba, a nan ma ana faɗa a kan abun sosai. Wata maƙwabciyata baƙar fata 'yar asalin nan ta ce min ka taɓa ganin an gina irin wannan a unguwar masu kuɗi? 'Ya'yansu ana shirya su su zama lauyoyi, namu ana shirya su su shiga wuta. Maganarta ta tsaya min. Akwai wani shirin soja a sakandarensu da ake kira JROTC, tun 1916 yake, a 2022 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa a makarantu da dama ana jefa yara ciki ba tare da sun nema ba, kuma yawanci inda talakawa da baƙaƙe suka fi yawa. Yaro ɗan 17 yana iya shiga soja in iyaye sun sa hannu. Sannan ɗan shekara 13 me ya sani da zai zaɓi aikin da zai riƙa ganin gawa kullum. Horon ma ba shi ne komai ba, a Uvalde ta Texas a 2022 jami'ai kusan 400 suka yi cirko cirko sama da awa guda mahari na cikin aji, yara 19 da malamai biyu suka tafi. Duk na yarda.

Yaya ya ƙaro nasa, kuma nasa ya fi zafi don ya fi ni sanin gida yanzu. Ya ce ka koya wa yaran Tudun Wada horo ka sa musu yunifom, ka yaye su ba aiki, zaɓe na zuwa ɗan siyasa ya kwashe su, ka samu 'yan shara masu satifiket. Ya ce ɗan Najeriya ko rigar maigadi ka ba shi sai ya mari wani. Ya ce an horar da 'yan sintirin jiha 7,000 a 2023, in yawan masu kaki ne magani ai da mun warke. Sannan ya ce to yaronka ya danna ƙirjin, sai me, wace motar ce za ta zo? Ka kira 112 ka gani. Doka tun 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai neman agajin gaggawa, ta 2017 ta ce a duba wanda aka harba ba sai an jira takardar 'yan sanda ba, amma har gobe mutane tsoron ɗaukar mai rauni suke kar a ce su ne. Ba ni da amsar duka, na dai ce to a cire kakin mana, a bar ilimin. Ba sai an gina sabuwar makaranta an ba wani kwangila ba. Awa ɗaya a sati a kowace sakandare da Islamiyya, mutum-mutumi biyu, nas guda mai ritaya.

Wani abokin aikina Bature da na ba shi labarin nan sai ya yi dariya ya ce ai ku can yaranku sun riga sun iya riƙe bindiga. Wallahi ranar ban ci abincin rana ba. Mutumin da in ka faɗi a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa zai iya tsallake ka ya wuce kar ya makara, shi ne zai gaya min. Ya zo Kawo ya ga an yi hatsari, ya ga yadda masu lemo da 'yan kamasho da masu faci ke barin sana'arsu su ruga da hannu tsirara suna ɓanɓare ƙofar mota. Ya zo ya ga 'yan agaji, na Jama'atu, na Izala, na Fityanu, da na coci coci, yara matasa tsaye a rana tun safe ranar idi ba ko sisi. Mu ba zuciya muka rasa ba, mun fi su nesa ba kusa ba, kuma ko a gaban wa zan faɗa. Sai dai zuciyar ce ke sa mu finciko mutum ta hannu alhali wuyansa a karye yake, mu ɗura wa wanda ya suma fiya wata, mu ba wanda ya sha guba manja, mu danna shi a Napep ƙafa na lilo a waje. 'Yan agajin nan su ne makarantar da nake magana, suna nan a shirye, an bar su da usur da gyaran sahu da tare hanya.

Abun da ban rubuta a guruf ba, don Hajiya tana ciki kuma ana karanta mata, shi ne Baba. 2019, ya dawo daga Asuba ya faɗi a zaure. Ni ina nan dare ne wajenmu, ƙanwata ta kira ni tana ihu, ina jin komai ta waya, ina jin ana a kawo ruwa, ina jin ana a yi mai fifita, ina jin Yaya na cewa a buga wa maƙwabci ƙofa ya fito da mota. Minti nawa aka yi oho, na dai san har wayar ta ɗau zafi a kunnena. Kuma ni ma abun da nake ta faɗa daga nan kenan, ku zuba mai ruwa, ku zuba mai ruwa. A gidan nan ranar akwai samari huɗu da suka gama sakandare, biyu suna jami'a. Na san wa'adi ne, na sani, kar wani ya zo min da wa'azi a ƙasa. Ban samu jana'iza ba, ban samu sadakar uku ba, sai bayan wata bakwai na je na tsaya a kan kabari da aka nuna min da yatsa. Da yaron nan ya ce min matsa baya, ba dattijon Gambiya nake gani a ƙasa ba.

Fom ɗin dai mun cike, makarantar ce ta biyu a jerin, uwarsa ta ci ta farko. Ni kuma na yi rajistar ajin koyon dannar ƙirji na ranar Asabar, mu goma sha biyu, wadda ke gyara min hannu ba ta kai ƙanwata ta ƙarshe ba, sai cewa take Ankul miƙe gwiwar hannunka. Na tambayi kuɗin mutum-mutumin, da na babba da na jariri za su shiga jaka ɗaya in na rage tsaraba, ina so in zo da su hutun Babbar Sallah in kai Islamiyyar unguwarmu. Na gaya wa Yaya jiya. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce to Allah ya kawo ka lafiya, amma kar ka sake ka rage maganin ƙafar Hajiya saboda 'yar tsana, kuma ka san kwastan sai sun tambaye ka gawar waye a jaka.