Motata da Man Manya

Wani abokina ne ya jawo mini. Yana da mota mai turbo, wadda idan ya taka totur sai ka ji bayanka ya manne da kujera, kuma tun da ya saye ta ya zama malamin mai. Ranar da ya raka ni gidan mai ya ga na nuna famfo mai lamba 91, wato fetur mai araha, ba mai lamba 98 mai tsada ba, sai ya girgiza kai cikin tausayi.

"Haba mutumina, wannan kake ba ta? Shi ya sa take nishi a hawa. Gwada 98 ka ga ikon Allah. Ƙarfi zai ƙaru, tanki zai daɗe bai ƙare ba. Abin da ka ƙara a famfo, a hanya za ka fanshe shi."

Motata ba wata ta a zo a gani ba ce. Silinda huɗu, babu turbo, ta ga jiya ta ga yau, gilashin baya na hagu ma sai an taimaka masa da hannu yake hawa. Amma wa ya ƙi a ce motarsa za ta koma yarinya? Na ce da mai zuba man ya cika ta da 98. Ya dubi motar, ya dube ni, ya ce, "Yallaɓai, 98?" Na ce 98, da muryar wanda ya saba.

Ban fita daga harabar gidan man ba na ji canji. Wallahi na ji. Inji ya yi laushi, giya tana shiga ba gardama, har rediyon sai na ji kamar ya ƙara fita. Na isa gida na kira uwargida ta zo ta saurara. Ta tsaya gaban bonet, hannu a ƙugu, ta kasa kunne, ta ce, "Abban yara, ni dai ƙarar jiya nake ji." Na ce ai kunnen mota daban ne, ba kowa Allah ya ba ba.

Don in rufe bakin masu shakka sai na sayi ɗan littafi na fara lissafi. Hanyar ba wuya: ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka mayar da mitar tafiya sifili, ka yi ta zirga-zirgarka, ranar da ka sake cikawa ka raba kilomitan da ka yi da litocin da suka shiga. Na zama mutum mai natsuwa a titi. Ba na fizgar mota idan danja ta ba da hannu, ba na taka birki a guje, na'urar sanyaya mota ma sai zafi ya kai mini karo nake kunna ta. Duk don kada wani abu ya ɓata wa 98 suna.

A lokacin ƙanin uwargida yana zaune tare da mu, ɗalibi ne, bai daɗe da samun lasin ba. Yaron da sai an kira shi sau uku kafin ya ɗaga kai daga waya, sai ga shi ya zama mai ladabi. "Yaya, kawo makulli in zubo maka mai, ka huta." Na ji daɗi, na ce yaro ya fara hankali. Kullum sai in ƙirga masa kuɗin 98 cif, in ja masa kunne kada ya kuskura ya tsaya a famfon talakawa. Ya dawo ya faɗa mini lita kaza ta shiga, in rubuta. Na dai lura ya yi sabon abin sauraren waƙa na kunne, kuma datarsa ta daina ƙarewa, amma ban kawo komai a raina ba.

Lissafi kuwa ya ba ni gaskiya. Kowace lita ta ƙara mini kusan kilomita guda a kan abin da na saba gani. Na riƙa yawo da littafin a aljihu, duk wanda ya yi kuskuren tambayata lafiyar mota sai ya ga shafi.

Da lokacin juyen baƙin mai ya yi, na kai ta gareji, na miƙa wa makanikena littafin tun kafin ya goge hannu. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya duba, ya mayar mini, ya zagaya ya buɗe murfin tanki, ya nuna mini wata 'yar takarda da ke manne a ciki wadda ban taɓa karantawa ba. An rubuta 91.

"Alhaji, waɗanda suka ƙera ta abin da suka ce ke nan."

Na ce ai wannan mafi ƙaranci ne, ni kuma gata nake yi mata.

Sai ya jawo wani tsohon fistin daga kan tebur ya riƙe a hannu. Ya ce fistin yana matse iska da mai a cikin silinda har su koma kamar kashi ɗaya cikin goma na yadda suka shigo, sannan fulogi ya ba da wuta, wutar ta bi ta cinye su a tsanake ta tura fistin ƙasa. Idan man ba ya jure matsi da zafi, ragowar da wuta ba ta kai gare ta ba sai ta fashe da kanta, ka ji inji yana ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa ƙarfe a ciki. Lambar nan ta oktan, in ji shi, juriyar mai ce ga wannan fashewar, ba ƙarfinsa ba. Ƙarfin da ke cikin lita ɗaya ta 91 da ta 98 kusan ɗaya ne. Wani lokacin ma da sinadarin etanol ake ɗaga lambar, shi kuwa etanol ƙarfinsa bai kai na fetur ba, ya gaza da kusan kashi ɗaya cikin uku.

"To abokina fa?"

"Shi tasa tana bukata. Turbo yana cusa iska da yawa, matsi ya ƙaru, zafi ya ƙaru. Idan ya zuba mata 91, akwai na'urar da ke jin ƙwanƙwasa, ta gaya wa kwamfutar motar, kwamfuta ta jinkirta wutar fulogi don kada inji ya lalace. Nan ƙarfi zai ragu, shan mai ya ƙaru. Shi idan ya koma 98 zai ji bambanci na gaske. Taka kuwa ba ta ƙwanƙwasa tun asali, me za a gyara? Lambar nan kamar ta takalmi ce, Alhaji. Mai ƙafa 40 ya sa 45, ba zai fi gudu ba."

Na ce to ya bayyana mini canjin da na ji tun a gidan mai. Ya ce a lokacin man da ke cikin bututu da filta tsohon ne, sabon bai ma iso inji ba. Yaransa suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

Ban yarda ba, ina da littafi. Na buga shafin da yatsa na ce lissafi ba ya ƙarya. Ya ce ƙwarai, ba ya ƙarya. Ya tuna mini zuwana na baya ya tarar da tayoyina huɗu duk sun yi laushi ya cika su, kuma taya maras iska tana jan mai. Ya buɗe but ya tambaye ni ina tsohon batir da jarkoki da guntayen ƙarafan da na shekara ina yawo da su. Uwargida ce ta kwashe, har muka yi 'yar rigima a kai. Ya ce to ga nauyi ya ragu. Sannan ya tambaye ni yadda nake tuƙi tun da na fara lissafi. Na yi shiru na dubi wata mota da ke kan jak.

Ina zaune a benci ana juye, na ciro waya na shiga intanet neman wanda zai tsaya mini. Na samu tarihi mai daɗi: ma'aunin oktan ya samo asali ne daga sinadarai biyu, ɗaya mai juriya aka ba shi 100, ɗaya mai saurin fashewa aka ba shi sifili. A 1921 Thomas Midgley na kamfanin General Motors ya gano cewa sinadarin dalma, idan aka zuba shi a fetur, yana hana ƙwanƙwasa, duniya ta yi ta shaƙar gubarsa har sai 2021 da Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe, ta daina sayar da shi ga motoci. Na ga a Amurka lissafin lambar daban ne, 87 ɗinsu shi ne kusan 91 na sauran wurare. Sai na ci karo da binciken ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, na 2016: direbobi miliyan 16.5 sun zubar da dala biliyan 2.1 a shekara guda wajen sayen mai tsada ga motocin da ba sa bukatarsa, kuma gwajin bai nuna ƙarin ƙarfi ko ragin shan mai ba. Na dai samu 'yan uwa, ba lauya ba. Hujja ɗaya ta rage mini, wato sinadaran wanke inji, don gaskiya ne wasu kamfanoni suna ƙara su a mai tsadarsu. Na riƙe ta da hannu biyu, zan jefa wa dattijon.

Ban kai ga buɗe baki ba yaron da ke share cikin motar ya zo da wasu takardu a dunƙule, ya ce a ƙarƙashin kujerar direba ya same su, ko masu amfani ne. Rasiɗan gidan mai ne. Na warware na farko: 91. Na biyu: 91. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe, babu wanda ya saɓa wa ɗan uwansa. Tun tankin farko da na saya da kaina, motar nan ba ta sake ɗanɗana 98 ba. Makanike ya leƙa, ya gyara hularsa, ya ce, "Yaron nan ya fi ka karanta murfin tanki."

Da daddare na tara su a falo, na baje rasiɗan a kan tebur. Yaron ko gezau. Ya ce, "Yaya, kai da bakinka ka ce ba ta taɓa lafiya irin ta watannin nan ba. Ni na ga tana jin daɗi, kai kana jin daɗi, sai na ce kada in ɓata." Uwargida ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta share hawaye ta yanke hukunci: tunda ashe akwai rarar kuɗi a gidan nan da ba a san da ita ba, daga yau hannunta za ta riƙa shiga.

Abokina har yanzu ban gaya masa ba. Duk haɗuwarmu sai ya ce, "Ya 98?" in ce sai godiya. Shi kuwa ɗan bantan uban yaron, washegari da sassafe ya tsaya a ƙofar ɗakina yana kaɗa makulli, ya ce, "Yaya, allura ta sauka. Wanne zan zubo, wanda kake faɗa ko wanda take sha?"