Jirgin cikin gari: kafin a shimfiɗa sabon layi, a ƙirga jirage nawa ke wucewa a awa

Legas tana da layukan jirgin ƙasa na cikin gari guda biyu da ke aiki. Blue Line ya fara ɗaukar fasinjoji a watan Satumba na 2023, daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13 da tashoshi biyar. Red Line ya biyo baya a watan Oktoba na 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, kilomita 27, yana ratsa Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba. Na Abuja ya girme su, tun a 2018 aka ƙaddamar da shi. Kuma tun da aka gyara kundin tsarin mulki a 2023, aka ba jihohi hurumin gina layin dogo, maganar jirgin cikin gari ta zama ruwan dare a bakin gwamnoni. Abin da ake ta faɗa shi ne tsawon layi da kuɗin kwangila. A ganina lambar da ta fi waɗannan muhimmanci ita ce wadda ba a cika ambata ba ranar yanke ƙyalle: minti nawa ne tsakanin jirgi da jirgi?

Lissafin ba shi da wuya. Mu ɗauka jirgi mai tarago huɗu yana cin mutum 800, na zaune da na tsaye. Idan yana zuwa duk bayan minti 15, jirage huɗu ke nan a awa, wato mutum 3,200 zuwa ɓangare ɗaya. Idan aka rage tazarar zuwa minti biyar, jirage 12 ne, mutum 9,600. Layin bai ƙaru da taku ɗaya ba, tashoshin suna nan yadda suke, amma abin da yake kwashewa ya ninka uku. Kafin motocin danfo masu cin mutum 14 su kwashe 9,600, sai an jera kusan 690 a kan titi cikin awa guda. Blue Line kansa shaida ne: ya fara da zirga-zirga 12 kacal a rana, da aka koma jan jiragen da lantarki a watan Oktoba na 2023 sai aka kai 54, daga baya kuma aka ci gaba da ƙarawa, duk a kan kilomita 13 ɗin nan.

Tazara kuma tana canza halin fasinja. Jirgin da ke zuwa duk minti biyar ba ya buƙatar a duba jadawali, mutum ya isa tasha kawai. Wanda ke zuwa sau ɗaya a awa, ranar da ya kuɓuce wa ma'aikaci ya makara ke nan, gobe kuma zai koma wa danfo ko da gosulo zai cinye masa awa biyu, don aƙalla motar tana nan a lokacin da ya fito.

To me ke hana a rage tazarar? Abu na farko yawan jirage. Ana raba lokacin zuwa da dawowa da tazarar da ake so. Mu ce tafiya daga wannan ƙarshe zuwa wancan minti 20 ce, juyawa a kowane ƙarshe minti biyar, jimilla minti 50. Tazarar minti goma tana buƙatar jirage biyar a kan layi, ta minti biyar kuma goma. A kan wannan sai an ƙara na ajiya, kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, saboda kullum akwai wanda ke gareji ana duba shi. Wato sha biyu. Duk lokacin da aka tsawaita layi ba a sayo ƙarin jirage ba, tazarar ƙaruwa take yi. Wannan ne abin lura a kashi na biyu na Blue Line, wanda zai miƙe daga Mile 2 zuwa Okokomaiko ya kai tsawon layin kilomita 27: tafiyar za ta ninka, don haka jiragen da ake buƙata su ma za su ninka, kafin ma a yi maganar sababbin fasinjojin Ojo da Alaba Rago.

Na biyu shi ne sigina. A tsohon tsari ana yanka layi gida-gida, kuma jirgi ba ya shiga gida sai wanda ke gabansa ya fita. Idan gidajen dogaye ne, na baya zai tsaya yana jira alhali gabansa fili ne fetal. Sabon tsari, wanda ake kira CBTC, yana sa kowane jirgi ya riƙa sanar da kwamfuta inda yake da gudun da yake yi ta rediyo, ita kuma ta lissafa masa iyakar da zai iya matsowa ya kuma iya taka birki lafiya. Da ingantacciyar sigina ta zamani layin Victoria na Landan yake tafiyar da jirage 36 a awa, kusan ɗaya duk daƙiƙa 100. Legas ba ta buƙatar kai wa nan a yanzu. Amma sanya siginar da za ta iya ɗaukar tazarar minti uku tun farko ya fi arha nesa ba kusa ba a kan canza ta bayan layi ya fara aiki, lokacin da ba a samun damar taɓa waya sai tsakar dare.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ke cinye lokaci ba a ankara ba. Tsayuwa a tasha ya kamata ta zama daƙiƙa 30 zuwa 40. Idan masu shiga suka tare ƙofa kafin masu fita su sauka, ko matakala ɗaya ce tak a ƙarshen dandamali har kowa ya cunkushe a taragon farko, tsayuwar sai ta haura minti ɗaya, kuma jirgin baya ya gaji jinkirin. Maganinsa ba tsada: zane a ƙasa da ke nuna inda ƙofa za ta tsaya, ma'aikata a dandamali safe da yamma, isassun ƙofofin taɓa kati don kada layin fita ya toshe matakala. Haka tashar ƙarshe. In mahaɗar sauya layi ɗaya ce, kuma sai direba ya sauko ya taka tsawon jirgin zuwa ɗaya kan, minti biyar sun tafi. Manyan layuka suna ajiye wani direban yana jira a ɗaya ƙarshen dandamalin, jirgi na tsayawa ya shige ya ja.

Matsalar Red Line daban ce, kuma ta fi wuyar magani. Yana tafiya ne a kan hanyar jirgin Legas zuwa Ibadan ta Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, hanyar da jiragen kaya daga tashar ruwa ta Apapa su ma suke bi. Jirgin da ke tsayawa a kowace tasha da wanda ke wucewa ɗoɗar ba sa zama lafiya a layi ɗaya: dole a bar wa mai saurin fili mai faɗi a gabansa, in ba haka ba ya cim ma mai tsaye-tsayen. Kowane jirgin Ibadan ko na kwantena da aka saka a jadawalin safe yana cinye gurbin jiragen cikin gari fiye da ɗaya. Hanyoyin fita uku ne, daga mai sauƙi zuwa mai tsada: a mayar da jiragen kaya dare, a gina layin ratse a wasu tashoshi inda mai sauri zai wuce mai tsayawa, ko a shimfiɗa wa Red Line nasa layin. Na farkon ba ya buƙatar siminti ko buhu ɗaya, yarjejeniya ce tsakanin LAMATA, hukumar sufuri ta jihar Legas, da hukumar jiragen ƙasa ta tarayya, amma irin wannan yarjejeniyar ce ta fi wuyar samu.

Inda gwamnatin Legas ta yi daidai shi ne gadojin sama da ta gina a Yaba da Ikeja da Oyingbo da Mushin don raba mota da jirgi. A tazarar minti biyar, jirage 24 ne za su ratsa mahaɗa a awa idan aka haɗa masu zuwa da masu dawowa. In kowanne ya sa an rufe titi na minti biyu, minti 48 ke nan cikin 60 titin yana rufe. Direbobi ba za su jure ba, za su fara kutsawa, kuma an ga sakamakon kutse a watan Maris na 2023, lokacin da jirgi ya yi awon gaba da motar ma'aikatan jihar a kusa da Ikeja, aka rasa rayuka.

Sai gareji, wurin da manyan baƙi ba sa zuwa. Addis Ababa ta buɗe jirginta a 2015 da jirage 41, aka yi ta yabo. Bayan 'yan shekaru, waɗanda ke fita aiki ba su kai rabi ba, saboda rashin kayan gyara. Yadda abin ke faruwa sananne ne. Injin ƙofar jirgi ɗaya ya lalace, babu sabo a sito, sai a ciro na wani jirgin da ke jiran birki. Wata uku, wancan ya zama gawa ana ta yagar namansa. Ƙafafun jirgi ƙarfe ne a kan ƙarfe, suna cinyewa, suna buƙatar injin da zai daidaita su lokaci-lokaci. In babu shi, ƙafar ta ci layin, layin ya ci ƙafar. Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: da naira ake biyan kuɗin jirgi, da dala ake sayen kayan gyara. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,400. Kwangilar sayen jirgi da ba ta ƙunshi kayan gyara na shekaru da horar da makanikai 'yan ƙasa ba, rabin kwangila ce. Lantarki ma haka. Blue Line yana shan wuta ne daga ƙarfe na uku da ke gefen layi, kuma an yi masa tashar wuta tasa, wanda hikima ce; sai dai ƙarin jirage yana nufin ƙarin nauyi a kan taransifomomi, domin lokacin tashi daga tasha ne jirgi ya fi jan wuta.

Abuja kuwa darasinta na wuri ne. Layin, mai kimanin kilomita 45 da tashoshi 12, ya haɗa tsakiyar birni da Idu da filin jirgin sama da gefen Kubwa. Ya tsaya a 2020 lokacin korona, ɓarayi suka yi wa kayansa ta'adi, sai a watan Mayu na 2024 aka farfaɗo da shi, har da shiga kyauta. Amma tashoshi da yawa suna nesa da gidajen mutane, sai daga baya aka yi musu hanyoyin mota. Ɗimbin ma'aikatan da ke kwararowa kowace safiya daga Nyanya da Mararraba da Masaka kuwa, layin bai san da su ba. Mutum yana yarda ya taka kamar mita 800 zuwa tasha, tafiyar minti goma. In ta wuce haka sai ya hau wani abin, kuma in zai biya kuɗin mota sau biyu don ya shiga jirgi kyauta, kyautar ba ta da amfani. Katin Cowry na Legas, wanda ake taɓawa a BRT (manyan motocin bas masu keɓaɓɓen layi) da jirgin ruwa da jirgin ƙasa, mataki ne mai kyau. Abin da ya rage shi ne rangwame ga wanda ya sauka daga bas ya shiga jirgi, da kuma tsayar da bas a bakin ƙofar tasha maimakon tsallaken babban titi.

Kano da Kaduna, inda aka daɗe ana alkawarin jirgin cikin gari, suna da damar koyo kafin su ci bashi. A fara da ƙirga mutanen da ke bin manyan hanyoyi kamar titin Zariya da titin Katsina a Kano tsakanin ƙarfe bakwai da tara na safe. Idan adadin bai wuce dubu kaɗan a awa ba, manyan motocin bas a kan keɓaɓɓen layi za su ɗauke shi da kuɗi kaɗan. Legas ma da BRT ta fara a 2008, daga Mile 12 zuwa CMS, shekara 15 kafin jirginta ya motsa. Idan kuma adadin ya kai na jirgi, to takardar kwangilar ta faɗi tazarar da za a yi aiki da ita, da jirage nawa, da wanda zai biya kuɗin gyara a shekara ta biyar, da inda masu Adaidaita Sahu za su riƙa sauke fasinja a kowace tasha. Hukumomin da ke tafiyar da layukan Legas da Abuja kuma su riƙa wallafa lambobi uku duk wata: jirage nawa suka fita cikin waɗanda ake da su, kashi nawa suka zo a kan lokaci, da fasinjoji nawa aka ɗauka a awa mafi cunkoso.