Mai rera waƙa daban, mai rubuta ta daban

Yana damuna in ji ana cewa mawaƙan Amurka ne suka tsara waƙar yabon nan "Way Maker". Masu wannan zato suna da uzuri. Da yawa a bakin ƙungiyar Leeland ko Michael W. Smith suka fara jin ta, da Turanci, a manyan majami'u, sai suka ɗauka daga can ta samo asali.

'Yar Najeriya ce ta rubuta ta, Osinachi Kalu, wadda aka fi sani da Sinach, 'yar asalin jihar Ebonyi. A 2015 ta fitar da ita, tana jagorar waƙoƙin yabo a cocin Christ Embassy. Sai a 2019 Leeland suka rera tasu. A 2020, lokacin kullen korona, waƙar ta karaɗe duniya, har ta ci lambar Dove, wato lambar yabo ta waƙoƙin Kirista a Amurka, a rukunin waƙar shekara, kuma Sinach aka bai wa a matsayin marubuciya.

Abin da ke kawo ruɗanin shi ne, waƙar ibada don jama'a su ɗauka ake yin ta. Wannan ƙungiyar mawaƙan coci ta koya, waccan ta fassara, wani mai suna ya sake ɗaukar ta a situdiyo bisa izini. Sunan mai rerawa ne ke saman bidiyo da manyan baƙaƙe. Na marubuci kuwa yana can ƙasan allon da ake haska baitoci a coci, ƙanƙane, wanda ba kowa ke kula da shi ba, ko da yake wannan sunan ake bi wajen biyan kuɗin haƙƙin mallaka.