Buhu shida na yashi

Abin da ya same ni tun farko bai taka kara ya karya ba. Ina dawowa daga gona a motata a-kori-kura, na zo tsallake wani kwazazzabo, sai na ji gam! a ƙarƙashina. Na sauka na durƙusa na leƙa. Ba abin da ya fashe, ba abin da ke ɗiga, dutse ne kawai ya ɗan goge cikin motar. Da mai hankali ne, da ya koma ya ja motarsa, gobe in ya zo wurin ya kauce wa dutsen. Ni kuwa ina isa gida na ɗauki waya.

Dare uku na yi ina kallon bidiyon mutanen da motocinsu ke hawa duwatsu kamar awaki. Kafin mako ya zagayo na zama malamin taya. Na iya karanta lambobin da ke jikinta, abin da shekara da shekaru nake ɗauka ado ne. Tawa an rubuta mata 265/65R17. Wato faɗinta milimita 265, tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 na wannan faɗin, rim ɗin kuma inci 17. In ka haɗa lissafin, tsayin tayar daga ƙasa zuwa sama ya ɗan ɗara inci 30 da rabi. Su kuwa mutanen bidiyo, in tayarka ba ta doshi inci 35 ba, ko gaisuwarka ba sa amsawa. Tsakar dare na fita da tocila na haska motata, motar da ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba, sai na ga ta koma mini kunkuru.

Da safe na tafi wurin bakanikena. Ya saurare ni tsaf yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce, "Yallaɓai, in ka yi tafiya goma, nawa ce a kan kwalta?"

Na ce tara.

"Kaya fa? Kullum bayan motar a cike yake?"

Na ce sai lokacin girbi.

Ya ce to abin mai sauƙi ne. Tayoyin irin wannan mota kala uku ne: H/T ta kwalta, M/T ta taɓo mai manyan haƙora, sai A/T da ke tsakani, ta ɗan taɓa nan ta ɗan taɓa can. Ni A/T ce tawa. In ƙara mataki ɗaya kawai, in sa 265/70R17, in canza shok da masu kyau, in kuma lallai sai na ɗaga motar, kada in wuce inci 2.

Na yi murmushin wanda ya kwana uku a intanet, na ce, "Injiniya, na yi bincike."

Ya ce, "To."

Wannan "to" ɗin har yau ina jin ta a kunnena.

Na tafi na sayo M/T guda huɗu, 315/70R17, masu filai 10, wato masu kaurin jiki, haƙoransu kamar na kada. Tsofaffin rim ɗina sun yi musu siriri, sai da na haɗa da sababbi masu faɗi, waɗanda suka turo tayoyin waje har suka leƙo daga jikin bodi. Wajen ba su iska mai faci ya tambaye ni geji nawa. Na duba jikin tayar na ga 65, na ce ya cika har can. Daga baya na ji cewa wannan lamba iyaka ce, iskar da tayar ke ɗauka in an lafta mata kaya har ƙarshen ƙarfinta, ba wadda ake yawo da ita kullum ba. Amma ranar waye zai gaya mini? Na ja baya na kalli motar, wallahi ta yi kyau. Ko yanzu ba zan yi mata ƙarya ba, a tsaye ba ta da na biyu.

Matsalar ta fara ne da aka zo tafiya. Ina karya sitiyari zan fita daga garejin, sai ƙurrrr! kamar ana yaga kwano. Taya ta kama madigadi. Na karya ɗaya gefen, ƙurrrr! Yaran gareji suka bar aikinsu suka yi layi. Sai da na yi gaba da baya sau bakwai kafin na samu bakin ƙofa, don motar ta daina yarda da kwana, sai dai miƙaƙƙiyar hanya. Injiniya bai ce komai ba, ya shiga ciki ya fito da injin yankan ƙarfe. Ina tsaye ina kallo aka yanke wa motata gefen bamba da robar cikin madigadi, aka daddoke wani lungu da guduma. Duk da haka in ta faɗa rami tana gogawa.

Na ce to a ɗaga ta. Inci 3. Ya ce da me? Na ce da sifesa, zoben ƙarfen nan da ake cusawa a saman sifirin na gaba, don shi ya fi arha kuma a hoto ba wanda zai gane. Ya yi mini bayanin da sai yanzu nake fahimtarsa: ƙafar gaba tana da iyakar inda take lanƙwashewa sama da iyakar inda take miƙewa ƙasa. Sifesa ba ya ƙara wannan tazara, tura ƙafar ƙasa kawai yake yi ta zauna kusa da iyakarta. In taya ta faɗa rami, ba sauran inda za ta miƙe, sai ta buga. Ga shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba, maimakon ya kwanta kusan a miƙe, zai karkace, robarsa ta riƙa cin kanta. Na ce a sa.

Baya kuma sifirin ɗin falle-falle ne na ƙarfe. Mai sayarwa ya nuna mini kala biyu, ɗaya na motar da ke yawo ba kaya, ɗaya na wadda ke ɗauke da kilo 300 dare da rana. Ya tambaye ni wanne. Wane namiji ne za a nuna wa mai ƙarfi da marar ƙarfi ya ce a ba shi marar ƙarfi? Na ɗauki na kilo 300. Tsofaffin kuwa, don kada ma zuciyata ta raya mini komawa, a ranar na sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. Shok na baya suka gaza tsayi, su ma aka canza. Aka kai ta alaimen, mai alaimen ya yi ta fama har ya ce iyakar abin da zai iya ke nan.

Yanzu fa mota ta tashi sama. In na zauna ciki ina hango abin da ke kan rufin ƙananan motoci. A kan kwalta tayoyin suna wani kuka, wuuu, kamar jirgi zai tashi, in za ka yi wa na kusa da kai magana sai ka ɗaga murya. Tashinta ya yi nauyi, birki sai na taka tun daga nesa, mai kuwa sai ka ce tankin ya huje. Uwargida ce ta fara lura da maganar gudu. Ta ce, "Maigida, ka rage." Na nuna mata maleji, 100 daidai. Ta nuna mini wayarta, 112. Na ce wayar ce ba ta da lafiya. Ashe maleji juyin taya yake ƙirgawa, shi a saninsa har yanzu tsohuwar tayar ce a jiki, alhali sabuwar kowane juyi ɗaya tana cin ƙasa fiye da waccan da kusan kashi 12 cikin 100.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da surukina ya ce in sauke shi a hanya. Dattijo ne mai natsuwa, bai taɓa gaya mini baƙar magana ba. Na buɗe masa ƙofa, ya tsaya yana kallon kujerar da ke daidai ƙirjinsa. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ba ta kai ba. Ya sauke. Ni kuma ina bayansa, in tura shi ba dama, in bar shi ba dama. Ƙarshe bulo aka ɗauko. Muka kama hanya, muka zo wani ɗan tudun rage gudu wanda da ko jinsa ba na yi. Sifirin na kilo 300 ya tarar ba kilo ko ɗaya a kansa. Bayan motar ya yi tsalle kamar jaki ya yi tutsu, kan Baba ya gaisa da rufi, hularsa ta nutse har gira. Ya ciro ta, ya gyara, ya mayar. Ba wanda ya yi magana har muka isa. Da aka sake kawo bulo ya sauka, sai ya dafa ƙofar ya ce, "Ɗana, raƙumi ma durƙusawa yake yi a hau shi."

Mako biyu da haka ƙusa ta shiga tayar gaba. Na ciro jak na murɗa, na murɗa, har ya ƙure tsayinsa, taya tana zaune daram a ƙasa. Na ɗaga mota inci biyar na manta ban ɗaga jak ba. Na shiga daji neman faffaɗan dutse. Da na samu na ciro safaya, sai ga tsohuwar ƙaramar tayata, don babbar ba ta shiga gurbin da ke ƙarƙashin bodi, ni kuma na ce ai huɗu sun isa. Haka na lallaɓo gida da ƙafa ɗaya gajera da kusan inci 4, motar tana ɗingishi, ba damar sa giyar ƙafa huɗu tunda tayoyin ba tsayinsu ɗaya ba. Wajen mayar da babbar ne kuma muka ga giris ya fantsame cikin rim. Robar shaf ta yage, kamar yadda wani ya faɗa.

Duk wannan na shanye, don ina da buri guda: dutsen nan. Ranar da na koma kwazazzabon ban kauce masa ba, saita shi na yi a tsakiya, na taka mai ina cewa yau za ka san an yi gyara. Gaba ya wuce lafiya lau. Sai gam! Ta fi ta farko ƙara. Na durƙusa na leƙa, tulun nan da ke tsakiyar aksil na baya ya sha dutse. Na kira Injiniya ina huci. Ya ce, "Yallaɓai, sifirin a kan aksil yake zaune, abin da ke samansa yake ɗagawa. Shi aksil taya ce kaɗai ke ɗaga shi, ita ma rabin abin da ka ƙara mata." Na yi lissafi a ƙasa da tsinke. Duk wannan hidima, tulun bai tashi inci 2 cikakku ba.

Na juya rai a ɓace, na ce bari in yanke ta busasshen rafi in rage hanya. Yashi ne shimfiɗe, ko taɓo babu. Ban yi taku hamsin ba motar ta fara nishi. Na ƙara mai. Haƙoran da aka yi don su yaga laka su watsar suka kama aikinsu da gaskiya, suka haƙa mini ramuka huɗu. Na ƙara mai, suka zurfafa su. Da na buɗe ƙofa, karon farko tun da na yi gyara na sauka ba tare da na yi tsalle ba.

Can sai ga wani tsoho a wata tsohuwar a-kori-kura, fenti duk ya koɗe, tayoyinta ƙanana sun kusa suɗewa. Ta zo ta gefena sululu kamar kwale-kwale. Ya tsaya, ya sauko, ya zagaya motata sau ɗaya, ya danna taya da babban yatsa.

"Yaro, dutse ka sa ko taya?"

Ya karyo tsinke ya tsuguna a bakin bawul. Iska ta yi ta fita, fiii, yana aunawa da ɗan gejinsa har ta sauko 18. Ya ce a yashi ba haƙori ake nema ba, tafin ƙafa ake nema. In ka rage iska tayar takan baje, inda take taka ƙasa ya yi tsawo, sai ta hau kan yashin maimakon ta nutse. Muka tone gaban tayoyin da hannu, ya ce in tashi a hankali kada in yi kwana mai tsanani, tayar tana iya zamewa daga rim. Na saki kuloci, motar ta fito kamar ba ita ba. A bakin kwalta ya ce kada in kuskura in yi gudu a haka, taya marar iska zafi take ɗauka ta lalace, ya miƙo mini famfonsa na ƙafa. A nan na gano wata falalar babbar taya da ba a faɗa a bidiyo: cikinta ba ya cika. Ban gama ta biyu ba cinyata ta fara rawa. Shi kuwa yana zaune a inuwa yana cewa, "Saura kaɗan."

Washegari na kai wa Injiniya makulli, ban ce komai ba, shi ma bai tambaya ba. Aka cire sifesa, aka canza shaf, aka sauke kadojin, aka sa A/T 265/70R17, har da ta biyar, ta shige gurbinta zuruf. Bamban da aka yanke dai ya yanku. Da aka zo kan sifirin na baya ya ce in kawo tsofaffin a mayar. Na sunkuyar da kai. Aljihu kuma ya riga ya yi abin da zai yi.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, tunda kilo 300 yake so, sai ka ba shi."

Buhu shida na yashi, kowanne kilo 50, aka jera a bayan motar aka ɗaure. Gaskiyar Allah tafiyar ta yi laushi, Baba ma ya sake shiga, ko da yake da hannu ɗaya a kan hula. Wata huɗu ke nan duk inda na je da yashina nake zuwa. Jiya ina wanke motar maƙwabcina ya leƙo ta katanga, ya daɗe yana kallon buhunan, ya ce, "Malam, wai ginin nan yaushe za a fara ne?"

Na ce masa ana jiran siminti.