Hunturu Ba Ya Korar Kifi Daga Tsakiyar Teku

Mutane da dama suna zaton jiragen ruwan da ake haya domin kamun kifi a tsakiyar teku ɗaure su ake yi da zarar hunturu ya shigo, wai don kifi ya ƙaura. A gaɓar Hatteras ta jihar Karolina ta Arewa, a Amurka, ba haka lamarin yake ba, domin ruwan ɗumin da ake kira Gulf Stream yana wucewa kusa da gaɓar, kuma inda ya haɗu da ruwan sanyi mai gangarowa daga arewa ƙananan kifaye suke taruwa, manya su biyo su. Tsakanin Janairu da Maris ne ma ake samun manyan kifayen da ake kira tuna masu shuɗin baya, waɗanda guda ɗaya kan haura kilo 200.

Dabara ce take sauyawa. A watannin zafi ana jan ƙugiyoyi a bayan jirgi, a gefen ciyawar teku mai ruwan ɗorawa da take yawo a saman ruwa, inda kifin mahi-mahi yake fakewa. Da hunturu kuwa idon matuƙi yana kan na'urar auna zafin ruwa, yana neman inda ɗumi ya ci karo da sanyi. Abin da yake yawan hana fita a lokacin shi ne iskar arewa maso gabas, wadda take karo da tafiyar ruwan Gulf Stream, ta tayar da igiyoyi masu haɗari.