Gamba a Ƙofar Gida

Ginin gidana a bayan garin Zariya ya lashe kuɗina ƙarƙaf, ya bar mini ƙofar gida fili fetal, jar ƙasa kawai. Masu sayar da fulawa a bakin titi suka yanka mini kuɗi, na ce a kai kasuwa. Dama na sha gani a intanet yadda mutanen Amurka ke ƙawata gidajensu da ciyawar dajinsu, wadda ba ruwanta da taki ko ban ruwa. To mu Allah ya hana mu ciyawa ne?

Da damina ta sauka na tafi ƙauyenmu a ƙasar Katsina, na haƙo gamba da saiwarta, na ciro ƙananan kyasuwa, na cika bayan mota. Kawu ya tambaye ni tumaki nawa na saya. Na ce ado zan yi wa gida. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, ɗana."

Gamba ba ta san kunya ba. Idan ta samu ruwa takan kai mita 3 zuwa 4, kuma tawa ta samu. Kafin watan Satumba ta haɗiye tagar falo, mai kawo ruwa ma sai ya yi sallama daga nesa ya jira a amsa masa daga cikin daji. Ita kuwa kyasuwa, da ta fitar da kai mai laushi ja-ja, iska na kaɗa ta da yamma, wallahi ta fi fulawar bakin titi kyau. Ni kaɗai na ga hakan. Uwargida cewa ta yi, "Malam, macizan da ka gina wa masauki yaushe za su tare?" Ga ƙarangiya da ta biyo ƙasar ƙauye ba gayyata: duk baƙon da ya zo da babbar riga sai ya zauna tsince-tsince kafin a gaisa.

Ranar tsaftar muhalli sai ga mai unguwa da samari riƙe da lauje da adda. Wai an ji shiru, an ga gida ya koma kurmi, an ɗauka ciwo ya kwantar da ni. Na tare su, na shiga ba su tarihi: gambar nan da kuke rainawa, tun shekarun 1930 aka ɗauke ta zuwa Ostireliya don kiwon shanu.

"Yanzu fa?" in ji mai unguwa.

Na ce yanzu gwamnatinsu yaƙarta take yi, don ta mamaye daji tana rura gobara.

"To ka ji. Turawan ma korarta suke."

Da ƙyar na ceci gambar. Kyasuwa kam ragunan maƙwabcina suka yi mata aski a dare ɗaya, har ya aiko yaro da godiya.

Da kaka ta yi, wani dattijo ya tsaya a ƙofar gida yana jinjina kai, yana cewa rabonsa da ganin gamba mai kyau haka tun yana saurayi. Na rasa inda zan sa shi don murna, na shimfiɗa tabarma, na sa aka kawo shayi. Ya shanye, ya goge baki, ya ce yaushe zai zo yanka? Ashe mai saƙar zana ne, kuma uwargida ta riga ta karɓi kafin alƙalami.

Da yake gamba daga saiwa take sake tohowa, yanzu uwargida ce ke korar yara da awaki daga wurin. Ta ce kar wanda ya taɓa mata, ta ci kuɗin baɗi.